RA'AYINMU: Kukan Iyayen Naƙasassun Yara Ba Shi da Ƙofar Shiga

Akwai wani kuka da ya daɗe yana tashi daga gidajen talakawa a birni da ƙauye, amma da wuya a ji shi a zauren majalisa ko a gan shi a shafin farko na jarida. Kukan nan kuwa shi ne na iyayen da Allah ya ba su 'ya'ya masu naƙasa, watau makafi da kurame da guragu, da masu farfaɗiya, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun wajen haihuwa. A yau an fi kiransu masu buƙata ta musamman, kuma mun yarda wannan suna ya fi mutunci. Sai dai sauya suna bai sauya kome ba a tsakar gidan da uwa take goyon yaro ɗan shekara tara domin ba ya iya zama da kansa. Mun ga ya wajaba mujallar nan ta tsaya a kan al'amarin, domin da yawa daga cikin masu karanta ta, in ba su riga sun kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ba, to gobe can za su nufa.

Wanda duk ya taso a unguwa ko a ƙauye ya san irin ƙorafin, don kusan iri ɗaya ne ko'ina. Uba ya kai ɗansa kurma makarantar firamare, hedimasta ya ce masa ba su da malamin da zai iya da shi. Yarinyar da shan inna ya taɓa an karɓe ta, amma ajin yana da matakala, ban ɗakin kuwa ba ya shiguwa sai da rarrafe, saboda haka kafin zango ya ƙare ta daina zuwa. A asibitin sha-ka-tafi babu maganin farfaɗiya, sai a ce a tafi birni, alhali kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa ya fi ƙarfin gidan. In uban ya yi ta maza ya tafi sakatariya, amsoshin da zai samu an san su: Ciyaman ba ya nan, mai kula da sashen ya fita, ba a saki kuɗi ba, ka dawo mako mai zuwa. Babu wanda zai rubuta sunansa, babu wanda zai ba shi ko guntuwar takarda. Ya koma gida da asarar kuɗin mota da ta yinin gona, kuma a littafin hukuma tamkar bai taɓa zuwa ba.

To, shin ƙaramar hukuma tana da alhaki a nan, ko kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki? Tsarin Mulkin 1999 ya amsa wannan tambaya. Sashe na 7 ya kafa ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya zayyana ayyukansu. A ciki har da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu wajen samar da ilmin firamare da na manya da na sana'a, da kuma ayyukan kiwon lafiya. Akwai ma wani layi da ya ɗora musu kafa maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu, duka a jimla ɗaya, mai karatu ya duba da kansa ya ga wanne daga cikin biyun aka fi kula da shi a garinsu. Tun gyaran 1976, wanda ya rushe tsarin En'e ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, hujjar da aka bayar ita ce a kawo gwamnati kusa da talaka. Yau muna da guda 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44. In akwai talakan da ya fi kowa buƙatar gwamnati ta matso kusa da shi, ai shi ne wanda ba ya iya tafiya wurinta.

Ba kuma dokoki muka rasa ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi guda a kan ilmin naƙasassu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ga kowane yaro, ta kuma ambaci naƙasassu da sunansu. A 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu. Sa'an nan a Janairu 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar nan ta ce ilmi kyauta ne gare su har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, kowace da aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da su. Ta yanka tarar N1,000,000 ga hukuma ko kamfanin da ya nuna bambanci, da N100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin da ya cika tun Janairu 2024. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin a kan wannan tafarki. Muna roƙon mai karatu, in ya je hutu, ya tsaya a ƙofar sakatariyar garinsu ya ƙirga matakalan da ke tsakanin ƙasa da ofishin Ciyaman.

Tushen matsalar a ganinmu shi ne ƙaramar hukuma ba ta san yaran nan ba. Ba a yi wa wanda ba a ƙirga ba kasafi. Abin takaici, tun a manufar 1977 gwamnati ta yi alkawarin ƙidaya naƙasassu, yara da manya, bisa shekaru da jinsi da mazauni da irin naƙasar. Waɗanda aka yi alkawarin dominsu yau wasunsu sun yi jikoki. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, kuma jaririn da aka haifa a wannan shekara yanzu ya wuce ƙuruciya. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, watau ɗaya cikin goma. In muka ɗauki wannan ma'auni, garin da ke da yara dubu yana da kimanin ɗari masu wata lalura, babba ko ƙarama. Sai a shiga firamaren garin a nemi ɗarin nan. Waɗanda ba a gani a aji ba, suna ɗaka a ɓoye, ko suna bakin kasuwa da ƙoƙo.

Kada a ce mana ƙirgar ba ta yiwuwa. Mun ga yadda aka yi yaƙi da shan inna. Shekara da shekaru ma'aikatan rigakafi suna bin gida gida, lungu lungu, har rugagen Fulani, suna ɗiga wa yara magani suna rubutu da alli a jikin bango. Hakimai da dagatai da masu unguwanni duk an sa su a ciki, kuma a sakatariyar ƙaramar hukuma ake tsara aikin. Allah ya ba da nasara: rabon da a sami ƙwayar cutar ta asali a Nijeriya tun 2016 a Jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. To hukumar da ta san ƙofar kowane gida ranar rigakafi, yaya za a yi ta manta da ƙofar gidan da cutar ta riga ta shiga? Haka zancen sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin biyar da suka tsira daga irin wannan ciwo, ɗaya kan tashi da illa ta dindindin, kamar kurumta. Ƙyanda tana makantarwa. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da ba a yi wa magani da wuri ba suna raunata ƙwaƙwalwa. Yawancin waɗannan abubuwa ne da ƙaramin asibiti mai ungozoma da magani zai iya tarewa, ƙaramin asibiti kuwa yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ashe ke nan da yawa daga cikin yaran nan bashi suke bin hukuma tun daga ranar da suka naƙasa.

Da yake hukuma ta janye jiki, kayan duka ya koma kan iyali, a cikin iyalin kuma kan uwa. Ita ce mai ɗauka da saukewa, mai wanki da dare, mai barin sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ɗinki domin babu wanda za ta bar wa yaron. Ita ce kuma mai shan maganganu, wani ya ce iska ce, wani ya ce daga danginta ne, har ta kai wasu ga rasa aurensu. Bayan uwa sai ƙanwa ko yaya da aka cire daga makaranta ta zama mai raino, ko ƙanen da aka mai da ɗan jagora. Ta haka naƙasar yaro ɗaya kan hana biyu karatu. In ƙarfi ya ƙare, sai bara. Dokar 2019 ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, mu ma ba mu goyon bayan a riƙa yawo da yaro a rana ana nuna ciwonsa. Amma hukumar da ta rufe wa yaro ƙofar makaranta, sa'an nan ta aiko a kama uwarsa a bakin titi, ba ta yi adalci ba.

Za a ce ai ana taimakawa. Gaskiya ne, mun san irin taimakon. Ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ko kuwa in zaɓe ya ƙarato, akan kafa rumfa a jera kekuna da buhunan shinkafa, a yi jawabi a ɗauki hoto. Ba mu raina kyauta ba, wanda ya samu ya ji daɗi. Amma a duba yadda abin yake. Keken da aka yi don tura babban mutum a farfajiyar asibiti shi ake miƙa wa yaro ɗan shekara shida wanda unguwarsu yashi ne da kwata. Ba a auna shi ba, ba a tanadi mai gyara ba, ba a kuma tuna cewa yaro girma yake yi ba. Wanda ya san kansila ya samu, wanda bai san kowa ba ya ji labari a rediyo. Babbar illar ma ita ce yadda wannan tsari ya koya wa iyaye cewa abin da suke nema alfarma ce. Mai neman alfarma kuwa ba ya ƙorafi, godiya yake yi in ya samu, in bai samu ba ya ce Allah bai nufa ba. Sadaka tana da ladanta, amma abin da doka ta rubuta wa yaro haƙƙi ne, kuma haƙƙi ana binsa har a karɓa.

Adalci ne mu saurari uzurin ƙananan hukumomi, domin suna da shi. A tsarin rabon arzikin ƙasa da aka daɗe ana aiki da shi, kasonsu kashi 20.6 ne cikin 100, amma kuɗin yakan bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma shugabanninsu sun sha kukan cewa abin da ke isowa hannunsu bai wuce na albashi ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyansu kai tsaye, aka kuma shiga jayayya a kan yadda za a aiwatar. Mun ji wannan. Sai dai muna tambaya, nawa ake kashewa a sayi littafin rajista? Buhun siminti nawa ake buƙata a yi gangara a ƙofar aji? Nawa ne kuɗin sauke ajin yarinya mai keke daga bene zuwa ƙasa, ko zaunar da mai raunin ji a layin gaba? Hukumar da take samun kuɗin fenti da rumfa da motar rakiya ba za ta gamsar da mu cewa waɗannan sun fi ƙarfinta ba.

Haka nan ba ma karɓar amsar da aka saba bayarwa cewa a kai su makarantarsu ta musamman. Makarantun nan sun yi aikin da ya cancanci yabo, tun daga ta makafi da ke Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, har zuwa ta Tudun Maliki a Kano. Amma 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a manyan garuruwa, kuma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da yaro ɗan shekara shida wanda ba ya magana ta tura shi kwana a wani gari ba. Ga shi kuwa ana horar da malamai. Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo tana yaye su tun bayan kafa ta a 1977, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suna da sassan wannan fanni, wasu daga cikinmu ma abin da suke karantawa ke nan. Abin da ya rage shi ne Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma ya nemi irin waɗannan malamai, ya ajiye ko da ɗaya a kowace mazaɓa, mai iya maganar hannu da rubutun makafi, ya riƙa zagaya makarantun yankin.

Yanzu sai mu dawo kan kukan kansa, da inda ya kamata a kai shi. A Ingila, inda muka aro tsarin majalisun gundumomi, iyayen irin waɗannan yara su ma suna kuka da majalisunsu, kuka mai yawa. Dokarsu ta 2014 ta tilasta wa majalisa ta rubuta wa yaro takardar da ta zayyana buƙatunsa na ilmi da lafiya da kulawa cikin mako 20, amma a 2023 kusan rabin takardun ne kawai suka fito a kan lokaci. Bambancinsu da mu shi ne can kukan yana da ƙofa. Tun 1974 suke da jami'in da ke binciken ƙararrakin da ake kaiwa a kan majalisu, ga kuma kotu ta musamman, inda iyaye ke yin nasara a fiye da tara cikin goma na shari'un da aka yanke. Mu ma ba a bar mu haka ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, tana da ofis a jihohi, ba ta karɓar ko kwabo, kuma ikonta ya kai kan ƙananan hukumomi. Sai dai dokarta tana da sharuɗɗa biyu da ya kamata kowa ya sani: mai ƙara ya fara bin hanyoyin da ke akwai a hukumar da yake kuka da ita, kuma ya kawo ƙararsa cikin wata goma sha biyu. To uban da ya yi sawu biyar zuwa sakatariya ba a rubuta sunansa ba, da me zai nuna ya bi hanya? Nan ne kukan yake mutuwa. Magana ta baki iska ce ke ɗauke ta, takarda mai hatimi da kwanan wata kuwa tana nan ko an canja Ciyaman.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomi da su yi abubuwa biyar. Na farko, kowace ta buɗe rajistar yara masu naƙasa ta hannun masu unguwanni da ma'aikatan lafiya, a riƙa sabunta ta kowace shekara, a kuma tsare sirrin iyalai. Na biyu, a naɗa jami'i guda a sashen jin daɗin jama'a wanda wannan ne aikinsa, a san sunan ofishinsa da ranakun zamansa, ofishin kuma ya kasance a ƙasa. Na uku, duk wanda ya kawo kuka a rubuta a ba shi shaidar karɓa, a amsa masa a rubuce cikin lokacin da aka ƙayyade. Na huɗu, a fito da kason yaran nan a kasafin kuɗi da sunansa, a manna a allon sanarwa, don mai ilmi da mai ji a karanta masa su san abin da aka ware. Na biyar, a haramta wa kowane hedimasta mayar da yaro gida saboda naƙasa ba tare da ya sanar da Sakataren Ilmi a rubuce ba. Kekuna kuwa a riƙa auna yaro kafin a saya, a kuma ba guragun da suka ƙware wajen ƙera keke mai ƙafa uku aikin, don sun fi kowa sanin hanyoyinmu.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, namu aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kowannenmu ya fito daga wata ƙaramar hukuma, kusan kowace kuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a wannan jami'a. Hutun da ke tafe, maimakon a ƙare da liyafa da rabon kalanda, kowace ƙungiya ta zauna da iyalai ko da goma ne, da izininsu, ta rubuta musu kukansu a takarda, kwafi biyu, a kai sakatariya a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo musu da shi. In an yi shiru, a wuce gaba zuwa Hukumar Ƙorafe-ƙorafe ko Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon tambayar hukuma abin da ta kashe, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A yi amfani da ita cikin ladabi da naci. Ku kuma yayyenmu da kuka fara aiki, ku ne kuke zaune a bayan teburan nan. Ba ku da ikon sakin kuɗi, mun sani, amma kuna da ikon ce wa dattijo ya zauna, ku buɗe masa fayil, ku gaya masa gaskiyar inda maganarsa ta tsaya.

A tuna cewa Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, tun yana ƙaramin yaro ya makance, amma ya sami masu karantar da shi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma yau ana nazarin waƙoƙinsa a azuzuwan da muke zama. Ba kowane yaro ne zai zama Namangi ba, ba kuma sai ya zama ba kafin a ba shi haƙƙinsa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, ba su ware mai ido ko mai ƙafa ba. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, mu kuma ya ba mu ikon sauke abin da ya rataya a wuyanmu, amin.